Wuƙa Mai Taya da Almakashin Uwata

Jama'ar wannan shafi, ina yi muku sallama. Baiwar Allahn da ta rubuta a ƙarƙashin labarina na baya cewa ni uba ne mai sa ido, na ga saƙonki. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Abinci ne dai na kasa ci ranar, shi ma ina jin zafin gari ne.

Don sababbin zuwa, ga yadda abin yake. Ni mai aski ne, ina da ɗan shago a bakin titinmu: kujera ɗaya, benci ɗaya, da madubin da ya tsage ta kusurwa. 'Yata mace ɗaya ce, sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Sana'arta ɗinkin bargo. Tana bin teloli tana kwaso ragowar ƙyallaye, ta yanka su ƙanana-ƙanana, ta jera su launi-launi, ta haɗe a keke, ta sa auduga a tsakiya, sai ka ga bargon da za ka ji kunyar lulluɓa da shi ba ka yi wanka ba. Sai kuma wani saurayi da ya fito yana sonta. A kemis ɗin kan kwana yake aiki, ni Ɗan Kemis nake kiransa. Na bincika ta sama, na bincika ta ƙasa, ban samo masa aibi ba. Abin da ke hana ni sukuni ke nan. Mutum a ce ba shi da aibi? To ina ya ɓoye shi?

Kafin in kai ku ga abin da ya faru, sai kun san Asabar ɗina.

Uwata ba ta da yawan magana a gida. "Sannu da zuwa, Baba." "To, Baba." "An kawo wuta, Baba." Iyakarta ke nan. Amma duk Asabar da yamma, in mutane sun ragu a shago, sai ta shigo da almakashinta naɗe a ƙyalle, babban nan mai baƙin mariƙi, ta ajiye a gabana ta ce ya dakushe. In ɗauko dutsen washi, in yayyafa masa ruwa. Ita kuma ta haye kujerar aski, ta riƙa juyi hagu da dama kamar lokacin da take 'yar ƙarama. Muddin idona na kan dutse, to bakinta a buɗe yake. Wadda ta karɓi bargo ta dawo tana cewa launin ya yi mata ihu, ƙawar da ta daina gaishe ta, shagon da take mafarkin buɗewa mai ƙofar gilashi. Har labarin Ɗan Kemis a kan dutsen nan na fara jinsa, ranar saura kaɗan in wasa yatsana. In na ɗago kai na dube ta, sai ta yi tsit. Don haka na koyi rashin ɗagowa. Washin da zan iya gamawa kafin shayi ya huce, sai in ja shi har rana ta faɗi.

Abu ɗaya ne yake ɗaure mini kai. Almakashin nan ba ya kai mako da kaifinsa. Ni kuwa na san hannuna.

"Wai wa ke yanka kwali da almakashin yadi a gidan nan?"

"Mama ce, Baba."

In koma gida in sami Mamansu tana tsinkar alayyafo. "Ke, kin sake ko?"

Ko ɗagowa ba ta yi. "Eh, ni ce. A kai ni kotu."

Haka muka yi shekaru. Ina faɗa, tana amsa laifi, almakashi na dakushewa, ni kuma ina samun 'yata.

To, wata Lahadi muna zaune a falo, fanka na juyawa tana ƙara kamar mai tari, sai ga sallamar Ɗan Kemis. Farar riga ya sa, an yi mata gugar da karin hannun zai iya yanka burodi, biro biyu a aljihu, ja da shuɗi. Ya cire takalma ya jera su a bakin ƙofa kai da kai, kamar za a ɗauke su hoto. Na saci kallon safarsa ko zan ga huda. Babu. A raina na ce, wata rana dai zan kama ka.

Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida Mamansu, sannan ya zuge wata jaka. Ya fito da wata shimfiɗar roba kore mai layi-layi, da wata faffaɗar rula da ake hango abu ta cikinta, sai wani abu mai mariƙi ruwan ɗorawa, a bakinsa wata 'yar taya ta ƙarfe tana walƙiya.

Na ce, "Wannan kuma fa? Keken aljanu?"

"Wuƙar yankan yadi ce, Baba. Tayar ita ce rezar. Ana danne yadi da rula, a gangara ta a jikinta. Mai shagon kayan ɗinki ta bakin kasuwa ce ta ba ni aro, ta ce a gwada. In ta yi a saya, in ba ta yi ba a mayar mata."

Uwata ta zo, mayafinta ruwan toka ya sauko ya rufe mata hannun dama. Ta ninka yadi rufi-rufi a kan shimfiɗar, ta ɗora rula, ta gangara tayar. Shuuu. Iyakar ƙarar da na ji ke nan. Ta ɗaga rula, ga yadi ya rabu gida biyu, bakinsa santal.

Mamansu ta dafe ƙirji. "Malam, ka gani? Ko zare ɗaya bai tashi ba!"

"Na gani. Ai ni ma da idona na zo duniya."

Na karɓi abin na jujjuya shi. Na gwada bakin da farcena, irin na masu sana'a. Gaskiya akwai kaifi, ba zan ci amanar ƙarfe ba. Sai na yi tambayar da ta dame ni.

"To in ta dakushe, ta ina ake wasa ta?"

Ya yi murmushin nan nasa mai tsabta. "Ai ba a wasa ta, Baba. Kwance ta ake yi a yar, a sa sabuwa."

Jama'a, kun taɓa shan ruwan sanyi ya bi ta haƙorin da ke ciwo? Haka maganar nan ta bi ta jikina. A kwance a yar, a sa sabuwa. A falona, a kan kujerata, yana kallon tsabar idona ya faɗe ta. Ba washi. In ba washi, ba Asabar. In ba Asabar, ina zan ƙara jin abin da ke cikin Uwata? Sai dai in koma "an kawo wuta, Baba" har ranar da za a zo a ɗauke ta.

Uwata ta ce, "Baba, kai za ka yanke. In ka ce a saya, a saya. In ka ce a'a, shi ke nan."

Na ce zan yi nazari.

Kafin Ɗan Kemis ya gama ɗaure igiyar takalminsa, Mamansu ta riga ta tura hoton abin a zauren danginmu na waya. Wayata ta fara tsalle a aljihu. Yayata, wadda har yau da furfurata Auta take ce mini, ta turo saƙon murya. Ita ba ta rubutu, kuma ba ta gajartawa.

"Auta, ina jin ka? An ce kana nazari. Nazarin me? Kai da ka sayi kilifa mai caji ka yar da ta hannu, wa ya yi maka nazari? Ka saya wa yarinya abin aikinta. Sannan yaron nan, ka ba shi dama ya turo manyansa, ka daina leƙa masa safa, an gaya mini. Ka ji ko? Auta? Wai ya ake kashe abin nan..."

Sauran saƙon ƙarar tukunya ce da faɗan da take yi wa kyanwa.

Na rubuta: "Yaya, abin yana da haɗari."

Ta amsa da murya: "Kai da kake ɗora aska a maƙogwaron mutane?"

Mamansu ta sa hoton fuska mai dariya har da hawaye. Tana zaune kusa da ni fa, a kujera ɗaya.

Nan na ƙudura a raina cewa sai na nemo aibin wuƙar nan. In na kasa samo na mai kawo ta, ai ba zan kasa samo nata ba.

Da tsakiyar mako, da hantsi, Mamansu ta tafi dubiya, Uwata ta fita zagayen teloli. Na rufe shago, na ce wa mai gyaran waya na kusa da ni in an zo ya ce yanzu zan dawo. Na shiga gida kamar ɓarawo, a gidan da ni nake biyan haya. Ɗakin ɗinkinta a buɗe: keke lulluɓe da tsohon zani, ƙyallaye a kwanduna, ja da ja, kore da kore. Ga wuƙar a kan shimfiɗarta.

Na ɗauki wuƙar, na bar shimfiɗar. A ganina wannan duk wayon 'yan kasuwa ne, su sayar maka da abu, su ce sai da ƙaninsa, sai da ƙanwarsa. Ni da na yi rayuwata da ƙarfe mai kaifi, roba ce za ta koya mini yanka?

Na nufi teburin guga a baranda. Akwai wani yadi shuɗi shimfiɗe a kai, na ɗauka irin tsumman da ake rufe teburin ne. Na ɗauko wani tsohon tawul na shago na baza a kansa. Niyyata in gangara sau ɗaya, ta cije, in ɗauki hoto in tura wa Yaya.

Na tura murfin rezar baya, na ɗora, na gangara.

Shuuu.

Wallahi jama'a ban san lokacin da na ce "kai!" ba. Kamar ka ja yatsa a kan man shanu. Ba ta cije ba, ba ta yi gardama ba, ba ta nemi shawarata ba. Na ce a'a, sa'a ce, bari in sake. Shuuu. Na ce to a gwada a karkace. Shuuu. Tawul ya ƙare. Na shiga ɗaki na ɗauko tsohuwar singiletina. Ta ƙare. Na ɗauko wandon da ya yi mini kaɗan tun bara. Ina gangarawa ina yi mata kiɗa da baki, ni kaɗai a baranda, dattijo da ni. Har na fara kallon labulen falo ina ganin kamar ya cika tsawo.

Sai na ji ƙas! Tayar ta hau kan wani abu.

Na tattara tsummokaran na ɗaga. Abin da na ɗauka tsumman tebur ne ya biyo hannuna, zara-zara, kamar taliya. Shuɗi mai ruwan sararin sama. Da 'yan duwatsu masu ƙyalli a gefe.

Mayafin Mamansu ne. Mayafinta na fita unguwa. Wanda take ajiyewa a ƙasan akwati da turare, wanda ko ni ba a yarda in taɓa da hannun shago ba. Ashe da safe ta shimfiɗa shi za ta goge, aka ɗauke wuta, ta bar shi a nan ta sa wani.

Na zauna a ƙasa. Na tashi. Na sake zama.

Da na duba wuƙar, sai na ga ta hau kan ƙusar tebur, bakin ya ɗan ɓalle. Na gwada a kan guntun singileti: tana yanka, tana tsallake zare, tana yanka, tana tsallakewa. Kayan aro! Amma a nan sai zuciyata ta ɗan yi sanyi. Ɓallewar baki ai gidana aka zo. Wai ba a wasa ta? Yau za a wasa ta.

Na tura mayafin a ƙarƙashin katifa, na sa wuƙar a aljihu, na koma shago. Na jiƙa dutse, na ɗora ta, na tura. Ta gangara. Na jawo. Ta gangaro. To ai taya ce! Na yi ta kai ta ina dawo da ita a kan dutse kamar mai wasa da motar gwangwani. Mai gyaran waya ya leƙo, ya kalle ni, ya koma shagonsa. Na ce to, sai an riƙe ta kada ta juya. Na sa ɗan yatsana na danne gefen tayar, na tura da ƙarfi.

Ba zan ba ku labarin jinin ba, akwai masu karatu suna cin abinci.

Kemis biyu ne a yankinmu. Ɗaya sai ka hau mota. Na tsaya a bakin titi da yatsa naɗe a tawul ina lissafin ko jinin jikina zai kai ni mai nisan. Na ga ba zai kai ba.

Na shiga na kan kwana, ga Ɗan Kemis a bayan kanta da farar rigar aiki. Yana ganina ya zagayo da gudu, ya jawo mini kujera.

"Subhanallahi! Baba, garin yaya?"

"Aska ce."

Ya wanke, ya sa auduga da wani ruwa mai zafin da ya sa na tuna duk dangina. Ya ɗaga yatsan ya duba ta wajen haske.

"Aska ce, Baba?"

"Aska na ce."

"To." Ya ci gaba da naɗa bandeji. Can ya miƙo hannu a hankali ya cire wani abu daga hannun rigata, ya ajiye a kan kanta. Ɗan dutse ne mai ƙyalli, da guntun zare shuɗi a jikinsa. Muka dube shi tare. Sannan muka dubi mariƙi ruwan ɗorawa da ya leƙo daga aljihuna.

Na jira dariya. Na shirya mata, har na tanadi abin da zan rubuto muku: ga aibinsa, yana yi wa manya dariya. Bai yi ba. Ya ce, "A rufe murfin, Baba, kada ta huda maka aljihu."

Da ya gama, ya ɗauko wata 'yar kwalbar man zafi daga kan shiryayye, ya riƙe ta yana juyawa kamar mai shawara da kansa.

"Tunda ka zo, ko za ka tafi mata da wannan? Nata ya kusa ƙarewa."

"Wa?"

"Ita." Ya sunkuyar da kai. Ko sunanta ba ya iya faɗa a gabana.

"Me ya same ta da take shafa man zafi?"

Ya ce, "Babban yatsanta ne, Baba, na dama. Bargo ɗaya ƙyallaye ne ba iyaka, kuma duk da almakashi take yanka su. Wurin ya yi kanta, in ta yi yankan yini guda har wuyan hannun yake kumbura. Ai man nan ta zo saya ranar da na fara ganinta."

Na ce, "Ƙarya ne. Duk Asabar tana gabana."

"Da wane hannu take miƙo maka almakashin?"

Na tuna. Da hagu. Kullum da hagu, na dama na cikin mayafi. Har faɗa na taɓa yi mata a kan miƙa wa babba abu da hagu. Ni kuma idona na kan dutse, ina ta murna na iya rashin ɗagowa.

"Ta hana ni gaya maka," in ji shi. "Na rasa yadda zan yi, shi ne na je na aro wuƙar."

Na miƙe. Na ce nawa ne kuɗin ɗauri, ya ce haba Baba. Na ce to kada ya kuskura ya gaya wa kowa abin da ya gani. Ya ce, "Me na gani? Aska ce."

Daga nan ban koma shago ba. Bakin kasuwa na wuce, wurin mai kayan ɗinki. Na ajiye mata wuƙarta na ce na saya, da shimfiɗar, da rular, da sabuwar reza. Ta dubi bakin tayar, ta dubi bandejina.

"Ba a kan shimfiɗar aka yanka ba ko?"

"Hajiya, ciniki na zo yi ko hira?"

Da yamma na tara su a falo. Na miƙa wa Uwata jakar na ce nazari ya ƙare. Ta yi tsalle, ta tuna ta girma, ta durƙusa ta yi godiya. Na ce, "Miƙo hannunki. Ba wannan ba, ɗayan." Ta miƙo a hankali. Na ga yatsan. Na ɗora mata kwalbar man a tafin hannu. Ta damƙe ta.

Sannan na shiga ɗaki na ɗaga katifa, don na san gara in kawo kaina.

Mamansu ta karɓi mayafinta da hannu biyu. Ta ɗaga zare ɗaya, ta ɗaga na biyu. Ta haɗa su ta auna. Har fanka ta daina tari.

"Malam."

"Na'am."

"Kai ka yi wannan?"

"Tsautsayi ne."

"Tsautsayi ne ya zauna ya yanka shi daidai wa daida? Dubi nan, ko tela albarka." Ta juya ga Uwata. "Ɗauko mini wayata. Yau Yaya za ta sha labari. Mutumin da ya yi shekaru yana bina da sharrin kwali!"

Hukuncin da aka yanke mini: sabon mayafi, ita za ta zaɓa, ni zan riƙe mata jaka a kasuwa. Uwata kuwa ta kwashe zara-zaran shuɗin nan ta ce sun yi mata daidai da gefen wani bargo. Saƙon muryar da Yaya ta turo ban buɗe shi ba har yau. Na ga tsawonsa, na ga ba zan iya ba.

Masu tambayata a akwatin saƙo ko wuƙar nan ta cancanci a saya, ga amsata. In yankan ƙyallaye ne aikinki safe da yamma, ki saya, hannunki ya fi ta tsada. Aikin da Uwata ke kwana biyu tana yi, yanzu kafin azahar ta tattara. Amma shimfiɗar roban nan ba wayon 'yan kasuwa ba ne, na janye maganata. Ki riƙa rufe murfin. Kuma ki ɓoye ta inda mahaifinki ba zai gani ba.

Sai Asabar ta zo.

Tun safe ba ni da walwala. Na yi wa wani aski na manta gefe ɗaya, sai da ya dawo daga bakin titi. Na dubi dutsen washi a kan taga, busasshe, na ce to abokina, ni da kai an kwance mu an yar. Da la'asar na ce bari in leƙa gida in sha ruwa, ko zuciyata ta lafa.

Na biyo ta ƙofar baya. Kafin in tura ta, sai na ji wata ƙara daga tsakar gida. Ƙaras. Ƙaras. Ƙaras. Na leƙa ta jikin ƙyauren.

Uwata ce zaune a kan turmi, almakashi mai baƙin mariƙi a hannunta na hagu, tana ta datsa kwalin sabulu. Mamansu na tsaye a kanta da wani kwalin.

"Ƙara da wannan, ya fi kauri. In bai dakushe sosai ba zai gane."

"Mama, yau fa da wuya ya yarda. Ya san ban yi aiki da shi ba duk makon nan."

"Ki ce ni ce. Ai na saba. Maza, kada ya zauna can yana kallon dutse kamar maraya."

Na saki ƙyauren a hankali. Na koma shago ban sha ruwan ba. A hanya wani abu ya faɗa mini a ido, duka biyun, har mai gyaran waya ya tambaye ni ko yatsan ne. Na ce yatsan ne.

Ba a jima ba Uwata ta shigo, doguwar riga kore, mayafi a kafaɗa, hannayenta biyu a waje. Ta ajiye ƙunshin a gabana.

"Baba, ya dakushe."

Na buɗe. Har da ɓurɓushin kwali a maƙale a jikin ƙusar. Na haɗe rai iya ƙarfina.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Mama ce."

"Matar nan ba ta jin magana."

Na yayyafa ruwa, na sunkuyar da kai. Ta haye kujera ta fara juyi. Na kasa kunne. Amma yau ba labarin mai bargo, ba na ƙawa. Ta ce an yi zafi. Ta ce madubin nan ya kamata a sake shi. Wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta kife ta a cinya. Ta cikin tsagaggen madubin na hango idonta na kan ƙofa.

Sai sallama.

Ɗan Kemis ne. Ba farar rigar aiki ba, wata sabuwa ce ruwan madara, har da layin ninki a ƙirji, kuma ba biro ko ɗaya a aljihu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana neman inda zai cire takalmi a shagon aski. Goshinsa duk gumi. Na dubi ƙafarsa: safa ɗaya baƙa, ɗaya ruwan ƙasa. Alhamdu lillahi, na ce a raina, ashe mutum ne.

Uwata ta sauko daga kujera, ta ɗauki almakashinta da ban ko gama gefe ɗaya ba. "Baba, na tuna na bar abu a wuta." Ita da ba ta ɗora komai ba. Ta fice kamar iska.

Ya durƙusa ya gaishe ni. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu naɗe a hankici, ya ajiye a gefen dutse. Na warware. Almakashi ne sabo fil, takardar shago ma na rataye a mariƙinsa. Amma bakin, jama'a! Kamar an ba akuya ta tauna.

"Baba," ya ce. "An ce mini a shagon nan, in mutum na da magana, da almakashi yake zuwa."

Na dubi almakashin. Na dubi kujerar da har yanzu take ɗan juyawa. Na nuna masa ita da haɓa, ya hau ya zauna a ɗofane, gwiwoyi a haɗe. Na jawo kofin ruwa na jiƙa dutse sosai.

"Wannan fa zai ɗauki lokaci," na ce.

"Eh, Baba. Shi ya sa na goga shi a siminti."

Na sunkuyar da kaina, na ɗora ƙarfe a kan dutse.